Yadda nake koyar da adon harshe da kwali da waya, da yadda nake raba makin

Malamai 'yan uwana masu koyar da Hausa ko Turanci a sakandire, bari in ba ku abin da na gwada a ajina ya yi min aiki, sbd na gaji da ganin yaro ya haddace "siffantawa ita ce kaza kaza" kamar karatun allo, ranar tes ya juye maka ita tsaf, amma ka ce ya kawo misali guda daga bakinsa sai ya tsaya yana susar ƙeya. Alhali yaron nan da an tashi break za ka ji yana ce wa abokinsa kai wlh kura ne, ko ya ce malamin lissafi ya sha musu jini yau. To wannan ai ita ce siffantawar da kambamawar, sunan ne kawai bai sani ba.

Don haka ni na daina farawa da ma'ana a allo. Ranar farko sai in rubuta kirarin garin nan, Kano ta Dabo tumbin giwa, in ce to wa ya taɓa ganin giwa a Kofar Nassarawa? Su yi dariya, daga nan wani zai ce ai girman ake nufi, wata ta ce a'a tumbi ai komai yana shiga cikinsa, kowa ya zo Kano ta haɗiye shi. Sai sun gama musun nake ce musu abin da kuka yi yanzun nan sunansa siffantawa, da an ce Kano kamar tumbin giwa take da ya zama kamance. Mintina 40 ɗin ya ƙare a nan kuma ban yi asara ba. Sauran kuma, su mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa da alamtarwa da kambamawa, haka nake bin su ɗaya bayan ɗaya, misali a gaba suna a baya.

Sati na biyu nake ba da firojek ɗin. Ina raba su gurup gurup, mutum 6 ko 7, ajina ya haura 80 so kun ga lissafin, kuma ni nake rabawa da rijista a hannu, in ka bar su su zaɓa masu ƙoƙarin za su dunƙule waje ɗaya su bar maka sauran. Aikin shi ne kowane gurup ya je ya farauto adon harshe guda 5 daga inda mutane ke magana da gaske, ba daga littafi ba, ba daga intanet ba. Bayan adaidaita sahu da tireloli, bakin masu talla a kasuwar Kurmi ko Rimi ko Kwari, kirarin da ake wa mahaya a hawan Sallah, tallan rediyo, habaicin mata a gidan biki, bakin kaka a tsakar gida. Su rubuta wa ya faɗa, a ina, kuma me ake ciki lokacin da ya faɗa, wannan na ƙarshen kar ku yi wasa da shi don shi ne zai tona wanda ya kwafo.

Daga cikin biyar ɗin su zaɓi guda 2 su nuna mana su ta hanya biyu ko fi, rubutu dole ne, sai su haɗa da zane ko hoto ko murya ko ɗan bidiyo na minti ɗaya ko ɗan wasan kwaikwayo a gaban aji. Wanda na fi so, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne kwali mai gida biyu. A hagu su zana maganar yadda take a zahiri, a dama su zana abin da ake nufi. Misali dogon hannu, hagu mutum ne hannunsa ya kai har rufin ɗaki, dama kuma wani ne yana zare wayar mutane a cikin cunkoso. Farin jini, cin fuska, mutuwar zuciya, ido ya raina fata, duk suna zanuwa. Yaron da ya iya zana gidan dama ya fahimta, ko da bai iya faɗa maka da kalmomin littafi ba, wanda ya cika gidan hagu da kala ya bar dama fayau kuma ka san inda matsalarsa take.

Maganar waya, makarantu da yawa ba a yarda ɗalibi ya shigo da ita ba kuma ni ban ce ku je ku yi faɗa da firinsifal ba. Su ɗauka a gida da wayar yaya ko ta mama, a turo min ta WhatsApp, ranar gabatarwa in kunna a tawa da 'yar sifika ta bulutut (ku yi mata caji tun dare, kun san halin wuta). Gurup ɗin da ba su da waya sam su kwaikwayi muryar da bakinsu, wlh wani lokacin ya fi daɗi ma, akwai yaron da ya yi mana mai rake yana jan "ruwa ruwa, ya fi zuma" har ajin kusa suka leƙo, nan take muka ciro kamancen fifiko daga ciki.

Dokoki na kafin su fita kaɗan ne amma ba na sassautawa. Kar a ɗauki muryar kowa ko hotonsa sai an gaishe shi an nemi izini, a ce Baba aikin makaranta ne. Hoton adaidaita a ɗauki rubutun kawai banda lamba banda fuskar fasinja. 'Yan mata ba dole su shiga kasuwa ba, abin da ke bakin iya da gwaggo ya ishe su har ya yi yawa. Zambo da habaici a kawo wanda aka ji, amma ba a ƙirƙiro sabo a kan ɗan aji ko malami ko wata ƙabila ba, na taɓa sakaci da wannan sai da na raba dambe. Sannan masu maganin gargajiyan nan na lasifika, eh bakinsu cike yake da adon harshe, amma ku ce musu a bar shi a can.

Yanzu maganar maki, nan ne na fi cin tuntuɓe. Shekarar da na fara, wani gurup suka kai aikinsu bizines santa aka buga musu da kala aka yi laminetin, yana ƙyalli, ni kuma ido ya ruɗe ni na ba su mafi yawa. Bayan kwana biyu ina bita na tambayi shugaban gurup ɗin me ya sa ya kira "rana ta yi fushi" mutuntarwa, sai ya ce min wai haka mai kwamfutar ya rubuta. A gefe guda ga wata yarinya da ta yi nata a bayan kwalin taliya da biro ja da shuɗi, ta kawo rubutun bayan adaidaita, hassada ga mai rabo taki ce, ta zana gona dawa ta yi tsayi, mutane a bakin gonar suna harara, hararar tana zuba a gindin dawar. Na ce ina takin, ta ce malam ga shi nan yana fitowa daga idonsu, taki ai ƙazanta ne yana wari amma shi yake sa amfani ya yi kyau, shi ya sa ba a ce ruwa ba. Ni da na koyar da karin maganar nan shekara da shekaru ban taɓa tsayawa a kan me ya sa taki ba ruwa ba. Kuma na riga na ba ta maki ƙasa da na masu laminetin. Ranar ban ji daɗin abincin rana ba.

Tun daga nan nake rubuta ma'aunin makin a allo tun ranar da na ba da aikin, su kwafa a littafi, kowa ya san abin da ake nema. A kan 20 nake yi sai in juya shi zuwa abin da makaranta ta ware wa CA, wato makin ayyuka da gwaje-gwajen cikin zango. Bayani shi ne mai kaso babba, 8, wato su faɗi nau'in adon, me aka kwatanta da me, kuma me ya haɗa su. Sai 5 na dacewar hoton ko muryar da maganar, tambayar da nake wa kaina a nan ita ce in na cire zanen nan akwai abin da ya ragu? In babu to ado ne kawai aka liƙa, kamar wanda ya kawo "yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa" ya manna hoton fulawa a gefe. Sai 4 na asalin inda aka samo da yanayin da aka faɗa. Tsafta da tsari da rubutu daidai, har da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, 3 kacal. Kun ga mai kuɗin buga kala iyakar abin da kuɗinsa zai saya masa ukun nan ne, shi ma in bai rubuta kofa a wurin ƙofa ba.

In sun sa wa abu sunan da ba shi ba amma bayanin ya yi daidai, ba na kashe su, maki ɗaya ko biyu nake cirewa. Dama akwai maganganun da mu kanmu malamai muke musu a sitaf rum ko siffantawa ce ko dabbantarwa, in ka ce wa mutum kura ai duka biyun sun taɓa shi. Yaron da ya kare zaɓinsa da hujja ina ba shi.

Sai matsalar 'yan rakiya, waɗanda sunansu ke kan kwali amma ko alƙalamin zanen ba su taɓa ba. Maganinsu shi ne makin bayanin nan 8 na mutum ɗaya ɗaya ne, 12 ɗin ne na gurup. Ranar gabatarwa ni nake nuna wanda zai yi magana, kuma kowa sai ya amsa tambaya ɗaya gajeriya, mafi sauƙi in ce saka min maganar nan a sabuwar jimla, ko in ce mayar min da siffantawar nan kamance. Sakan 30 ya isa ka gane. Da gurup 12 yana cin min darasi uku, wani lokacin huɗu, ina sane, nakan rage wani abin a sikim, wato tsarin darussan zango, in cike. 'Yan aji kuma ina ba su 'yar takarda su rubuta abu ɗaya da suka gane da tambaya ɗaya ga gurup ɗin da ke gaba, ba na sa su ba da maki don abota da gaba suna shiga, amma takardar tana hana surutu.

Ku rubuta makin nan take a wurin kafin gurup na gaba ya tashi, in ka ce sai ka koma gida duk za su cakuɗe maka. Kwalayen kuma ku ɗauki hotonsu a waya ranar, na farkon da na tara a saman kabad damina ɗaya gara ta gama da su, har da na yarinyar mai gonar dawa.