Yadda Ake Sayen Kayan Hannu a Gwanjon Intanet Ba Tare da Asara Ba

Da farko, kafin ka taya komai a shafin gwanjo irin su eBay, ka zagaya kasuwar Garwa ko ta Marwa a nan arewacin Kamaru ka ji farashin irin kayan, domin wani lokaci na gida ya fi araha.

Na biyu shi ne lissafi, kuma nan ne yawancin masu saye ke faɗawa rami. Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, amma kuɗin da ka gani a shafi somin taɓi ne, tunda akwai kuɗin aikowa, da harajin kwastam, da ladan motar da za ta ɗauko kayan daga Duwala zuwa arewa. Ka haɗa su duka, ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, kada zafin tayi ya sa ka haura shi.

Na uku, ka karanta shaidar waɗanda suka taɓa ciniki da mai kayan, sannan ka ƙara girman hotuna ka duba tsagewar gilashi da bakin wurin caji. Idan waya ce, ka tambaya ko an kulle ta a kan layin wani kamfani. Kayan lantarkin Amurka kuwa yawanci na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, alhali tamu mai volt 220 ce.

Na huɗu, ka jinkirta tayinka sai gwanjon ya kusa rufewa. Idan ka yi nasara, ka biya ta cikin shafin kaɗai, kuma ka ƙi duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta gefe.