Yadda Ake Tantance Labarin Makirci Kafin a Ƙaryata Shi a Majalisa

Duk lokacin da annoba ta ɓarke ko aka kai wani mummunan hari, kafin hukuma ta buɗe baki saƙon murya ya riga ya karaɗe wayoyin mutane daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga a birnin Katsina, yana bayyana wanda ya kitsa abin a ɓoye da irin ribar da zai ci. Matasanmu da suka yi karatu sukan ɗauki nauyin ƙaryata irin waɗannan labarai, kuma niyyarsu mai kyau ce, amma na sha ganin sun tashi daga majalisa ba su sauya ra'ayin kowa ba, sai ma laƙabin 'yan koren Turawa da aka manna musu. Matakan da ke tafe domin su ne, kuma wajibi ne a bi su a jere.

Mataki na farko shi ne a bar mai magana ya kai aya, sannan a taƙaita zancensa zuwa jimla ɗaya da za a iya gwadawa. Idan dattijo ya ce Turawa ba sa ƙaunarmu, babu ma'aunin da zai tabbatar ko ya rushe wannan, kuma duk wanda ya tsaya musu a kansa zai wuni bai cimma komai ba. Idan kuwa ya ce ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa, to an samu abin aunawa. A tambaye shi cikin ladabi wa ya aikata, a wane gari, a wace shekara, domin da yawa daga cikin labaran nan a wajen waɗannan tambayoyi uku suke fara tangaɗi.

Mataki na biyu shi ne neman tushen saƙon. A WhatsApp, kibiya biyu a saman saƙo alama ce ta cewa ya ratsa hannaye da yawa kafin ya iso. Ƙa'idata ita ce, duk muryar da ta fara da cewa wani babban jami'i ne da ya nemi a sakaya sunansa, ba a tura ta gaba ko da ƙanin uba ne ya aiko. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, irin wannan saƙo ne ya tayar da mutane da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka kwantar da wasu a asibiti, wasu kuma suka rasa rayukansu, alhali gishiri ba ya maganin cutar ko kaɗan. Hoto kuwa a saka shi a Google Lens a ga ranar da ya fara bayyana, domin sau da yawa gawarwakin da aka ce na jiya ne a dajin Batsari, na wata ƙasa ne shekaru da suka wuce. Idan bidiyo ne, a tsayar da shi a ɗauki hoton fuskar waya a bincika da shi, wanda ya fi sauƙin data nesa ba kusa ba. Shafukan bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check ma sukan riga mutum yin aikin.

Mataki na uku shi ne inda kusan kowa yake faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa. Mai ƙaryatawa yakan shigo da yaƙinin cewa labarin ƙarya ne daga farko har ƙarshe, sai ya ce jahilci ne kawai. Amma labarin makircin da ya daɗe a bakin jama'a kusan kullum yana da wata gaskiya a cikinsa wadda take riƙe da shi, kuma dattijon da ake yi wa gyara ya san wannan gaskiyar, wataƙila ma ya fi mai gyaran saninta. Da zarar an musanta ta tare da ƙaryar, an rasa shi ke nan. Aikin kamar tsintar shinkafa ne, tsakuwar ake cirewa ɗaya bayan ɗaya, ba a kifar da faifan gaba ɗaya.

Ga gaskiyar da ya kamata a sani kafin a buɗe baki kan rigakafi. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya kashe yaran, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da shirin rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad na Pakistan domin neman Usama bin Laden. A 2003 an mamaye Iraƙi da hujjar makaman ƙare dangi waɗanda ba a taɓa samu ba. Wanda ya ce gwamnatoci da manyan kamfanoni ba sa yaudara, tarihi ne zai fara ƙaryata shi.

Saboda haka, idan kawunka ya kawo zancen, kada ka fara da musu. Ka ce masa: "Kawu, maganarku kan abin da ya faru a Kano gaskiya ce, kuma zalunci ne a yi wa ɗan mutum gwaji ba da saninsa ba. Abin da nake so mu duba tare shi ne ko ɗigon shan inna ma haka yake." Daga nan sai a kawo tambayar da ta fi kowace amfani: da a ce zargin gaskiya ne, me ya kamata mu gani da idonmu a yau?

A 2003 ne zargin hana haihuwa ya sa wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano kuma ba ta koma ba sai ƙarshen watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin. A tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yau su ne ke goye da 'ya'ya a gidajenmu, kuma kowa yana iya ƙirga su a zuri'arsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa Katsina ce kan gaba wajen haihuwa a Najeriya, inda mace take haihuwar kimanin yara 7.3 a matsakaici, Legas kuwa 3.4. Ana kawo wannan hujja ne bayan an amince da batun Trovan. Idan aka kawo ta kafin nan, kunnen ya riga ya toshe.

Akwai tambaya ta biyu da za ta biyo baya, kuma tambaya ce ta masu hankali: me ya sa ake bin gida-gida da ɗigon kyauta, alhali idan yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro sai uba ya sayi magani da kuɗinsa? Kada a yi fushi da ita. Amsar ita ce shan inna ba ta da magani idan ta riga ta shanye ƙafa, kuma ƙwayarta a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka ana iya shafe ta daga doron ƙasa kamar yadda aka shafe agana a 1980, shi ya sa duniya ta zuba kuɗi a kanta tun 1988. Sannan a yarda cewa ƙarancin magani a asibitocin karkara abin kuka ne na gaskiya. Idan aka ce ai an sanar da kawar da cutar daga Afirka a watan Agustan 2020, a bayyana cewa nau'in asali ne aka kawar, amma raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon tana iya yawo ta sake ƙarfi a unguwar da yara da yawa ba su karɓa ba. Ɓoye wannan bayani ya fi faɗinsa illa, domin wata rana za su ji shi daga bakin wanda zai murɗe shi.

Mataki na huɗu shi ne jera kwanan wata da ƙirga bakunan da za su riƙe sirrin. An ce fasahar 5G ce ta kawo korona, amma cutar ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2020, ta yi ajalin wani likita a Daura a watan Afrilu har aka rufe garin, gwanjon lasisin 5G kuwa sai a Disambar 2021 aka yi shi. Haka labarin da aka yaɗa cewa marigayi Muhammadu Buhari ya rasu tun 2017 an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya ƙaryata da bakinsa a Folan a Disambar 2018. Mutumin Daura ba ya buƙatar dogon bincike a nan: sai iyalinsa da dangi da abokan ƙuruciya da fadar sarki da duk masu zuwa gaisuwar Sallah sun haɗa baki shekara da shekaru ba wanda ya yi suɓutar baki. Allah ya karɓi ransa a Landan a watan Yulin 2025, aka binne shi a Daura a gaban jama'a.

Mataki na biyar ya shafi hare-hare, kuma nan a yi taka-tsantsan domin rai ne a ciki. A rarrabe tsakanin sakaci da cin amana da kuma shiryayyen makirci. Lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disambar 2020, shugaban ƙasa yana Daura, tambayar yadda aka yi tsaro ya gaza halastacciya ce, kuma dole a ci gaba da yin ta. Samun infoma a cikin gari da masu kai wa ɓarayin daji mai da makamai shi ma sananne ne. Amma tsallakawa daga nan zuwa cewa wata ƙabila ce gaba ɗaya ta shirya, ko wane ɗan wane ne infoma saboda murya ta faɗa, wannan yana iya sa a kashe marar laifi kafin gari ya waye. Saƙon da ke ɗauke da sunan mutum ko hoton gidansa ba a tura shi, jami'an tsaro ko mai unguwa ake kai wa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci a nemi tabbaci kafin a cutar da mutane cikin rashin sani, kuma dattawa sun fi saurin karɓar wannan tunatarwa fiye da kowane shafin intanet.

Sauran aikin gajere ne. Ba a gyara wa babba a tsakiyar majalisa ko a zauren WhatsApp na dangi. A bi shi gida bayan Isha'i, ko a tura masa saƙo shi kaɗai. Idan abin ya fi ƙarfinka, a nemi limami ko malamin asibitin da yake yarda da shi su je tare. Kada a nemi ya furta cewa ya sauka daga ra'ayinsa, ya wadatar idan ya bar jikokinsa suka karɓi rigakafi. Idan kuma ana cikin annoba irin ta mashaƙo ko kwalara, a kai marar lafiya asibiti tukuna, a kira lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wato 6232, muhawarar kuma a ɗage ta zuwa wani lokaci.