Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura gyararren akwatin sitiyari

Da yawa daga cikin gyararrun akwatunan sitiyari da ake mayarwa ana cewa ba su da kyau, lafiyarsu ƙalau lokacin da aka saye su. A wajen ɗaurawa aka kashe su. Akwatin da aka warware, aka canza masa sil da boris, aka saita shi, zai iya yin shekaru yana aiki muddin an ɗaura shi yadda ya kamata.

Wani kuskuren tun kafin a ɗauki sifana ake yin sa: a ɗora wa akwati laifin da ba nasa ba. Idan sitiyari yana wasa, ka bar mota a ƙasa, ka sa wani ya riƙa kaɗa shi hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuma ka leƙa ƙarƙashi. Sau da yawa za ka tarar tairod ne, wato sandar da ke tura taya ta karkata, ya ci, ko bol-join, ko mahaɗin sandar da ta sauko daga sitiyari. Sai sandar da ke shiga akwatin tana juyawa amma hannun fitman, wato ƙarfen da ke kai motsin akwatin zuwa sandunan tayoyi, bai motsa ba, sannan za a ce akwatin ne. In ka tabbatar shi ne, ajiye tsoho da sabo gefe da gefe kafin ka rabu da tsohon. Ƙirga haƙoran sanduna, duba ramukan kusoshi da bakin da tiyo ke shiga. Na mota mai sitiyarin hagu ba ya zama a mai na dama.

Inda aka fi tafka ɓarna shi ne tsakiya. An yanka giyar da ke cikin akwatin ne ta yadda za ta matse sosai a tsakiya, wato lokacin da mota ke tafiya miƙe, ta ɗan saki idan an karya kwana. Da gangan aka yi haka. To idan aka ɗaura akwatin ba a tsakiyarsa ba, mota za ta riƙa tafiya miƙe a wurin da giyar take sake. Direba zai ji tana yawo a titi, kuma za ta fi karya kwana ta ɓangare ɗaya fiye da ɗayan. Maganin ba wuya: kafin ɗaurawa, juya sandar shiga har ta tsaya, ka juya ta ɗaya ɓangaren kana ƙirgawa, sannan ka dawo rabi. In zagaye 4 ne, ka dawo 2, ka yi alama. Tayoyi su kasance a miƙe, sitiyari ma haka.

Wasu idan suka gama suka ga sitiyari ya karkace, sai su cire shi su mayar a miƙe. Wannan rufa-rufa ce, akwatin yana nan a karkace. A wajen alaimen ake gyara ɗan abin da ya rage, ta hanyar tairod.

Shi kansa sitiyarin a ɗaure shi da bel ɗin kujera kafin a raba shi da akwati, a kuma cire kan batir. A bayansa akwai naɗaɗɗiyar wayar hon da jakar iska, zagaye kaɗan take iya ɗauka. Wani ya zo ya juya sitiyarin da babu abin da ke riƙe da shi, waya ta tsinke, an buɗe sabon aiki.

Hannun fitman da fula, wato abin da ke janyo shi a hankali, ake cire shi. Guduma tana aika duka kai tsaye cikin boris da haƙoran giya, kuma haka nan idan za a mayar. A bi alamar da ke jikin sandar da hannun ke zama a kanta, a ɗaure babban notin da sifana mai auna ƙarfi daidai yadda littafin motar ya ce. Kusoshin da ke riƙe akwatin a jikin shasi ma haka, bayan an goge tsatsa an duba ko wurin ya tsage. Ƙaramar ƙusar da ke matse mahaɗin sandar sitiyari dole ta bi ta ramin da aka yanka mata. Ita kaɗai ce ke hana sandar zamewa.

Sai ɗan sukurun da ke saman akwati, wanda hannun bakanike ba ya iya haƙura da shi. An riga an saita shi a wajen gyara. Matse shi don a kashe wasa yana sa sitiyari ya yi tauri a tsakiya, ya daina komawa da kansa bayan kwana, giya kuma ta cinye kanta. Ni shawarata a ƙyale shi. In akwatin ya zo da wasa a tsakiya, a mayar da shi kawai, domin masu gyara da yawa ba sa karɓa idan an taɓa sukurun.

A mota mai fawa sitiyari, tsohon mai ne ke yin kisan mummuƙe. Baƙin man da ya rage a famfo da tiyo yana ɗauke da garin ƙarfe, shi zai fara cin sabon sil. A wanke layin da sabon mai har ya riƙa fitowa garau, a canza zoben roba na bakin tiyo, a kuma zuba irin man da aka rubuta wa motar, don ba kowace ce ke shan ATF, wato man giyar otomatik, ba. Fitar da iska kuwa sai an ɗaga tayoyin gaba, inji a kashe, a juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa ana ƙara mai. Bayan nan a tayar da inji, kada a danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa kaɗan. Kumfa a cikin mai ko kukan famfo na nufin da sauran iska, a kashe a jira ta kwanta a sake.

Daga nan sai alaimen. Motar da ke da na'urar hana zamewa kuma a saita mata sensar sitiyari da kwamfuta. Bayan kwana biyu ana hawa, a koma ƙarƙashi a duba yoyo, a sake gwada notin fitman da kusoshin shasi.