Yadda nake shirya Kirsimetin gidana tun daga watan Oktoba

'Yar'uwa, in kina son ki ci Kirsimeti hankali kwance, fara da tela, kuma ki fara tun Oktoba. Ni malamar firamare ce a nan Jos, 'ya'yana huɗu, maigidana ma ɗan albashi ne kamar ni, don haka duk abin da zan faɗa miki na masu lissafin ƙarshen wata ne. Da sanyin safiya ake kama fara. Tela ba mugu ba ne, amma daga tsakiyar Nuwamba zai karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin kekensa, ga wutar lantarki tana wasa da shi, kowa ya zo kuma sai ya ce masa "gobe da yamma". Kai masa atamfarki da yadin yara kafin layi ya yi tsawo, ki biya rabin kuɗi, ragowar sai kaya sun shigo hannunki. Ki ce ya bar sarari a tsawon wando da hannun riga, domin yaron da aka gwada a Oktoba ba shi ne zai sa kayan a Disamba ba. Na tsakiyana a bana sai da aka sake sakin ƙafar wandonsa, ina kallonsa ina mamakin yaushe ya kamo babansa a tsawo.

Takalmi kuwa ba na jan yara zuwa kasuwa. Ina tsayar da kowa a ƙasa in auna tafin ƙafarsa da tsinken tsintsiya, in karya daidai, in ƙara ɗan yatsa ɗaya, in ɗaura wa kowane tsinke zare mai launi daban. Da su nake shiga kasuwar Terminus. Rigunan sanyi da huluna da safa kuma kasuwar Katako nake zuwa wajen masu gwanjo. Kada ki raina wannan. Wanda bai kwana a Jos cikin Disamba ba bai san abin da ake kira hunturu ba, kuma babu amfanin ɗinki mai kyau a jikin yaron da haƙoransa ke kaɗawa a coci. Ki haɗa da man shafawa mai kauri saboda leɓe da kaushi.

Sai kuɗi. Kafin ki sayi ko da ƙwayar shinkafa, ware kuɗin makarantar Janairu ki kai shi inda hannunki ba zai kai ba. Albashin Disamba yakan zo da wuri, ya tafi da wuri, zango na biyu kuma yana buɗewa a farkon Janairu ko an ci biki ko ba a ci ba. Mu a gidanmu da adashi muke yin Kirsimeti. Muna da na malamai a makaranta, kuma tun farkon shekara nake roƙon uwar adashi ta sa kwasata a Oktoba ko Nuwamba. Da shi nake sayen abin da ba ya lalacewa: shinkafa, man gyaɗa, fulawa, sukari, busasshen zoɓo, citta, kanumfari, gawayi. Gas ma a cika shi da wuri. Kayan miya kaɗai nake bari sai saura kwana biyu ko uku, in yi sammako zuwa kasuwar Farin Gada, inda tumatir da tattasai da kabeji da karas ke sauka daga gonaki. A je tun kafin rana ta fito, a sayi kwando tare da maƙwabciya a raba, ya fi sayen kashi-kashi sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganar nama ita ce ta fi cin tunani, kuma hanyoyi biyu nake bi. Ta farko watanda. Maigidana yana cikin wata ƙungiya ta mazan unguwa da suke zuba kuɗi kowane wata, in Disamba ta zo su je Kara, kasuwar shanu ta Bukuru, su sayo sa. In za ku shiga watanda, ku tabbata an yi magana a fili tun farko: mutum nawa, kashi nawa, wa zai ɗauki kai da ƙafa da fata, wa zai biya mahauci. Kowane kashi ya samu tsoka da ƙashi da hanta da tumbi daidai gwargwado. A wajensu, bayan an kasa, sai a rubuta sunaye a takarda a naɗe, a kira ƙaramin yaro ya ɗora kowace takarda kan kashin da ya ga dama. Ba a taɓa jin wani ya ce an cuce shi ba. Kuma Musulmi suke kira ya yanka, haka ni ma nake yi da kajina, domin abincin nan ba mu kaɗai za mu ci ba.

Hanya ta biyu kiwon kaji. Kajin gidan gona masu nama suna isa yanka a mako shida zuwa takwas, saboda haka ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ake ɗauko 'yan tsaki. Mako biyun farko su ne masu wuya a sanyin nan namu. A shimfiɗa musu ɓuntun katako, a sa kaskon gawayi ko fitila, amma a bar kafar da iska za ta shiga, don hayaƙin gawayi na kashe su a ɗaki rufe. In kin ga sun cure wuri guda suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse gefe suna haki, zafi ya yi yawa. A yi musu rigakafin cutar Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin cutar Newcastle, a kan lokaci, musamman da yake hunturu ne lokacin da annobar kaji ke yawo. Mu nan mun yi sa'a, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom, kusa da mu, kuma shagunan magungunan dabbobi suna da yawa a gari. A daina ba su magani kwanaki kafin yanka. Wannan aiki na autana ne, shi ke canza ruwa kafin ya tafi makaranta. Shawara ɗaya: kada ki bari ya raɗa musu suna, in ba haka ba ranar 24 ga wata za a yi zaman makoki a bayan gida.

Duk wannan sammakon da nake yi, dalilinsa ɗaya ne: ina son makon ƙarshe ya same ni a gida, hannuna a sake, yara kewaye da ni. Uwar da take gaban tela ranar jajibiri ba ta da lokacin zama a tabarma ta yanka cincin da 'ya'yanta. Ni kuwa a duk hidimar nan babu abin da na fi so kamar ranar cincin.

Ga yadda nake yi. Fulawa mudu ɗaya, sukari gwangwanin madara biyu, bota rabin leda, ƙwai uku, madarar gari 'yan cokula, gishiri kaɗan, bekin foda ƙaramin cokali, sai gyaɗar ƙamshi a goga a kai. A murza bota cikin fulawa har ta ɓace, a zuba sauran, a riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya yi tauri, ba ya kama hannu. Kada ki cika bota da ƙwai don neman daɗi, man suya zai yi ta kumfa har ya zubo. Wuta matsakaiciya, kuma a kwashe tun yana ruwan zuma, domin yana ƙara duhu bayan ya fita daga mai. Sai ya huce sarai kafin a rufe a bokiti, in ba haka ba zai yi laushi. Babbar 'yata, wadda ke dawowa hutu daga jami'a a Zariya, ita ke gaban kasko yanzu. Na tsakiya biyu suna murzawa da kwalba, auta yana yanka da wuƙar da ba ta da kaifi, nasa kullum wani ƙato wani ɗan mitsitsi, kuma haka nake soya su ba na gyarawa. Bara ina zaune na ji babbar tana ce wa ƙaninta, "Kai, rage wutar nan, so kake ya ƙone ciki ɗanye?" da muryata sak. Na juya na yi kamar ina neman murfi.

A nan ne kuma ake ba su labarin da. Surukata, wadda muke kira Mama, tana zuwa daga ƙauye ta yi mana makon, tana zaune kan kujera 'yar tsugunno tana tsince acca. Ita ke faɗa musu cewa a zamaninsu shinkafa sai Kirsimeti, yaro ya yi shekara yana jiranta, kuma takalmin roba ɗaya ake saya wa mutum, ya rataya shi a wuya har sai ya kusa ƙofar coci. Yaran suna dariya, a zatonsu ƙari take yi. Ki bar tsofaffi su yi magana, ki kashe talabijin, ki karɓe wayoyi na awa ɗaya. Kuma ki dafa wa tsohuwa abin da take so. Mama ba ruwanta da jalof, a ba ta tuwon acca da miyar karkashi, ko gwate da safe, shi ke nan an yi mata Kirsimeti.

Bangaren coci ma yana buƙatar shiri, ba tashi kawai ake yi a tafi ba. Tun farkon Disamba malaman makarantar Lahadi ke raba wa yara ayoyin hadda da matsayi a wasan haihuwar Yesu. Ki tambayi ɗanki abin da aka ba shi, ki riƙa sauraronsa da dare. Kayan wasa duk suna cikin gidanki: zanen gado ga Yusufu, tawul da igiya a kai ga makiyayi, sandar Mama, kwalin taliya da takarda mai ƙyalli ga kambin sarki Hirudus. A addu'ar dare muna karanta Luka sura 2 daga aya 1 zuwa 20 da Matiyu sura 2, kowa aya biyu, da Hausa. Na nace a kan Hausa don Mama ta bi mu, kuma don yaran yanzu suna iya magana da ita amma karatunta na ba su wuya, alhali cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, kakanninsu da shi suka koyi karatu. Akwai shekarar da na biyu ya tsayar da mu ya ce, "Ina aka ce masanan da suka kawo wa Yesu kyautai su uku ne?" Muka duba, gaskiyarsa: Matiyu ya lissafa kyautai uku, zinariya da lubban da mur, bai faɗi yawan mutanen da suka zo daga gabas ba. Babansa ya yi kwana biyu yana ba abokansa labari.

In kina Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, ki wanke zanen zumunta ki goge tun ranar 22. Kitso ma kada ya wuce ranar, don daga nan layin mai kitso sai tsakar dare.

Ranar 24 ta suya ce. Kada ki dogara da firij, ba ki san abin da masu wuta za su yi ba. A tafasa nama da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, a soya shi ya bushe sosai, a ajiye romon don jalof. A niƙa kayan miya a tafasa har ruwan ya ƙone. Zoɓo a dafa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a tace, amma sukari sai da safe. Shinkafa ita kaɗai nake bari, in tashi da asuba in ɗora, yadda kafin a tafi sujada an gama zubawa a kuloli.

Rabon abinci kuma ki rubuta sunaye tun da wuri, don a cikin hayaniya wanda ya fi cancanta ake mantawa: gwauruwar da ke bayan layi, ɗalibin da bai samu kuɗin mota ya tafi gida ba, mai gadi, mai kawo miki ruwa. Da can a Jos, yaro yana fita da langa ya shiga gidan maƙwabci Musulmi ƙofa da ƙofa, su ma da Sallah su aiko. Tun rikicin 2001 unguwanni suka rarrabu, yanzu sai ka yi niyya ka hau mota. Ni ina yin niyyar. Akwai wata Hajiya da muka yi shekaru muna koyarwa tare, duk Sallah naman layyarta na iso ni, ni ma cincin da soyayyiyar kaza na isa gare ta, kuma da yarana nake zuwa don su gaishe ta su san gidan. Zumunta a ƙafa take. Sai dai ki saurari rediyo kafin ranar, domin an sha hana Keke Napep zirga-zirga a Jos da Bukuru ranar Kirsimeti da washegari. Saboda haka nata nake kaiwa ranar 24 da rana.

Yara za su so fita yawon barka da Kirsimeti. Ki haɗa ƙanana da babba, ki faɗa musu gidajen da za su shiga, su dawo kafin magariba. Abin fashewar nan da suke kira nokawut ban yarda da shi ba ko kaɗan. A garin da ya san ƙarar bindiga, wannan ba wasa ba ne, 'yan sanda ma sukan hana. Kuɗin da suka samo kuwa ki ƙirga a gabansu ki rubuta, kada ki ce "kawo in ajiye maka" ya bi ruwa, sun fi mu riƙe lissafi.

Ranar 26 ma hutu ce. Mutane na tururuwa zuwa gidan namun daji ko gidan zu da ke kusa da gidan tarihi, cunkoso ba a magana, don haka in za ku je ku fita da safe da ruwanku da cincin a jaka, a rubuta lambar waya a sa a aljihun ƙaramin. Masu tafiya ƙauye su tashi da hantsi su isa da rana, kada a yi tafiyar dare. Mu mukan mayar da Mama ranar 27, da ragowar soyayyen nama a leda da gwangwanin cincin na jikokinta na can. Kafin mu tafi, yara su wanke langunan mutane su mayar, babbar tukunyar da na aro wajen uwar zumunta kuma a goge mata baƙin gawayi da toka, a kai mata da ɗan nama a ciki.