Yadda Ake Kiran Taron Iyaye a Makarantar Firamare

Da farko, Malam Hedimasta, zaɓi rana da hankali. Kada ta faɗo ranar kasuwa, kuma in damina ce kada ka sa da safe, kowa na gona. Asabar bayan la'asar ta fi.

Na biyu, kada ka dogara da takardar da ka ba yara. Wata a jaka za ta kwana, wata ma ƙosai za a ƙunshe da ita. Je ka gaida mai unguwa, ka roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Iyaye mata kuwa, tura malama ta faɗa musu a Islamiyyar matan aure. Su suka san yaron da ke makara da dalilinsa.

Ranar taro, a shimfiɗa tabarmi a inuwa. Kafin a zauna, zagaya da su azuzuwa su ga rufin da ke yoyo da idonsu.

Sannan kawo matsala ɗaya tak, ka yi shiru su yi magana. Kada ka fara da zancen kuɗi.

Daga nan a raba aiki: kafinta ya ɗauki gyaran benci, magini ya duba katanga, sakataren ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ya rubuta sunaye. A tsai da ranar haɗuwa ta gaba kafin addu'ar tashi.