Kafin ki kai yadi wurin tela, duba rigunan Audrey Hepburn

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ta gaji da ɗinkin da yayinsa ke wucewa bayan Sallah ɗaya, ta nemo hotunan Audrey Hepburn, 'yar fim ɗin nan da aka haifa a Beljiyam a 1929, ta rasu a 1993. Har gobe masu ɗinki a Turai da Amurka suna kwaikwayon shigarta.

Hubert de Givenchy na Faransa ne ya yi mata mafi yawan kayanta, har da doguwar baƙar rigar fim ɗin Breakfast at Tiffany's na 1961. A 2006 an yi gwanjon ɗaya daga cikin baƙaƙen rigunan da ya yi don fim ɗin a Landan, ta haura fam 400,000. Riga fa ba dutse ba zare!

Abin da na fi so shi ne wuyan rigarta na fim ɗin Sabrina, 1954. Ya miƙe daga kafaɗa zuwa kafaɗa, bai zurfafa ba, ƙirji a rufe. Ki nuna wa telanki hoton, ki ce ya ƙara dogon hannu, rigar ta sauka har idon sawu. Yadi ya zama launi ɗaya mai ɗan nauyi, don mai santsi sosai zai sa wuyan ya zube. Kuma ki hana shi aiki a ƙirji, ko da ya rantse zai yi kyau, ai kin san halinsu.

Sarƙa ɗaya ko ɗan kunne, ba duka biyun ba. Takalmi mara tsini, irin wanda ta saba sawa.