Darasi na Tara: Zaɓen Taya ga Motar A-kori-kura Bayan Ta Yi Faci

Duk wanda yake neman abinci da motar a-kori-kura, ko tasa ce ko ta maigidansa, ya san ranar da taya take yin faci a tsakiyar hanya alhali ga lodi a baya. Akan ɗaga motar da jak, a ɗaura safaya, a lallaɓa zuwa wurin mai faci, kuma a can ne ake yanke shawarar ko a gyara tayar ko a sayi wata. Wannan darasi zai koya wa ɗalibi yadda zai yanke shawarar da idonsa da karatunsa, domin kusan duk abin da ake bukatar sani a rubuce yake a jikin tayar da jikin motar, da irin lambobi da baƙaƙen da muka riga muka koya a darussan baya.

Tayar da take gyaruwa da wadda ta mutu

Ba kowace huda ce take kashe taya ba. Idan ƙusa ko ƙaya ta shiga ta fuskar tayar, wato wurin da yake da zane kuma yake taka ƙasa, sannan faɗin hudar bai wuce milimita 6 ba, wanda bai kai kaurin fensir ba, to tayar tana gyaruwa. Gyaran kirki shi ne a fitar da ita daga rim, a duba cikinta, a toshe hudar, sannan a liƙa faci ta ciki. Igiyar robar nan da ake cusawa daga waje ba tare da an cire tayar ba tana iya kai mutum gida, amma tunda ba a ga cikin tayar ba, ba a san irin ɓarnar da ƙusar ta yi ba.

Idan kuwa hudar a gefen tayar take, ko a kafaɗarta inda zane ya ƙare, to babu gyara. Gefen taya yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, saboda haka faci ba ya daɗewa a wurin. Haka nan tayar da ta yi ƙullutu a gefe, domin ƙullutun alama ce ta zaren cikinta ya tsinke, da wadda aka yi tafiya mai nisa a kanta bayan iska ta fita. Ita wannan, idan aka buɗe ta, za a ga baƙin garin roba a ciki, shaidar cewa rim ya niƙe ta. Akwai masu facin da sukan ce a sa mata tif a ci gaba da aiki. Tif yana riƙe iska, amma ba ya mayar da zaren da ya tsinke, kuma irin wannan tayar ce take fashewa a kan gudu, ba tare da ta ba direba wata alama ba.

Karanta girman taya

Kafin a tafi kasuwa, a buɗe ƙofar direba a duba jikin ginshiƙin da take rufuwa a kai. A yawancin motoci akwai 'yar takarda da kamfani ya manna a wurin, wadda take nuna girman tayar da aka ƙera motar da ita da awon iskar da ya dace. Wannan takarda ta fi tayar da take jikin motar zama hujja, musamman ga motar da aka saya a hannu, domin mai yiwuwa ne wanda ya riƙe ta a baya ya ɗaura mata abin da ya samu kawai.

Bari mu ɗauki misalin da ake yawan gani a kan Toyota Hilux: 265/65 R17. Lamba ta farko, 265, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin 100 na faɗinta, wato kimanin milimita 172. Harafin R yana nuna yadda aka jera zaren cikinta, kuma kusan duk tayoyin ƙananan motoci na yanzu haka suke. Lamba ta ƙarshe, 17, girman rim ne da inci, kuma ita ba ta da sassauci ko kaɗan, domin tayar inci 16 ba za ta hau rim mai inci 17 ba. A kan wasu motocin za a ga rubutu mafi gajarta, kamar 205 R16C ko 195 R14C, inda ba a rubuta lamba ta tsakiya ba.

Inda ake yawan ruɗin mai saye shi ne lamba ta tsakiya. Mai shago yakan ce: "Alhaji, babu 65 amma ga 70, ai duk ɗaya ne, tunda za ta hau." Gaskiya ne za ta hau, amma tayar 265/70 R17 ta fi ta 265/65 R17 tsayi da kusan milimita 27, kuma a kowane juyi tana cin ƙasa fiye da 'yar'uwarta da wajen santimita 8. Idan aka haɗa su a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, haƙoran ƙarfen da suke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun biyu za su yi ta aiki kamar motar tana kwana alhali a miƙe take tafiya, birki kuma ba zai kama daidai ba.

Lambar nauyi

Wannan ita ce lambar da aka fi tsallakewa, kuma a ganina ita ce mafi muhimmanci ga mai a-kori-kura, domin motarsa ta ɗaukar kaya ce. Bayan girman tayar za a ga wata lamba tare da harafi, misali 112S ko 110/108S. Lambar ba kilo ba ce kai tsaye, laƙabi ce da take wakiltar iyakar nauyin da taya guda za ta ɗauka idan an cika mata iska yadda ya kamata. Lamba 100 tana nufin kilo 800, 104 kilo 900, 108 kilo 1,000, 110 kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120. Idan lambobin biyu ne, ta farko ta motar da take da taya ɗaiɗai ce a baya, kamar yawancin a-kori-kura, ta biyun kuma ta motar da take da tayoyi bibbiyu ce a jere. Harafin da yake biye iyakar gudu yake nunawa: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T kuma 190.

Mu yi lissafi da kayan da muka sani. Buhun masara goma, kowanne kilo 100, sun kai tan guda, kuma kusan duka nauyin nan a kan tayoyin baya biyu yake sauka, ban da nauyin bodin motar da na mutanen da sukan hau kan buhunan ranar kasuwa. Tayoyi biyu masu lamba 110 suna ɗaukar kilo 2,120. Idan aka maye gurbinsu da masu lamba 100 don sun fi araha, abin da za su ɗauka ya koma kilo 1,600, wato an rage fiye da buhu biyar daga ƙarfin motar, alhali direba yana ci gaba da yin lodinsa kamar kullum. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwasawa fiye da kima, lanƙwasawar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da wayar da take ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana yake wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri kuma kwalta take ƙona ƙafa, wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Ƙa'idar ita ce a sayi lambar da kamfanin motar ya rubuta ko wadda ta fi ta, kada a sauko ƙasa da ita ko da da lamba ɗaya ne.

Akwai wasu baƙaƙe da suke taimakawa wajen gane tayar kaya. Harafin C a ƙarshen girma, ko LT a farkonsa, yana nuna an yi tayar ne don motar ɗaukar kaya, harafin P a farko kuma na motar shiga ne. Za a kuma ga 6PR ko 8PR ko 10PR, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon ƙarfin jikin tayar. Mai ƙarfin jiki ta fi jure duwatsu da kututture a hanyar gona, sai dai motar takan ɗan yi tsalle idan babu kaya a baya, kuma wannan ba aibi ba ne ga wanda sana'arsa lodi ce.

Shekarun taya da batun gwanjo

Taya tana tsufa ko da ba a taɓa ɗaura ta ba, domin roba tana bushewa, musamman a rana. A gefenta akwai layin rubutu da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshensa, waɗanda galibi suke cikin wani ɗan zagaye, su ne ranar haihuwarta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2423, an yi tayar a mako na 24 na shekarar 2023, wato cikin watan Yuni. Wani lokaci a gefe ɗaya kaɗai ake buga su, saboda haka sai an juya tayar. Wadda take da lambobi uku kacal an yi ta ne kafin shekarar 2000, kuma ba ta da sauran amfani a kan hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, FRSC, tana faɗakar da direbobi cewa kada a wuce shekara huɗu daga ranar da aka yi taya, yayin da kamfanonin motoci da dama suke cewa shekara shida. Ko wanne mutum ya bi, bai kamata ya biya kuɗin sabuwar taya ba a kan wadda ta shekara uku tana kwance a shago.

Na san halin da ake ciki, kuma na san yawancin masu sayen tayar gwanjo, wadda ake kira 'yar Beljiyam, ba don sun fi son ta ba ne. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Legas a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, farashinsu kuma yana bin dala. Duk da haka ya kamata ɗalibi ya san cewa tayoyin gwanjo suna cikin kayan da aka hana shigowa da su Nijeriya, kuma akwai dalili. Ba wanda ya san tarihinsu, ana cusa su cikin juna don su shiga kwantena da yawa har bakinsu ya lanƙwashe, kuma wasunsu na lokacin sanyin Turai ne. Ana gane waɗannan da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, kuma robarsu mai taushi ce da take saurin cinyewa a zafinmu. Wanda larura ta tilasta masa, to aƙalla ya karanta shekarar, ya duba ciki ko akwai tsohon faci, ya lanƙwasa gefen ya ga ko akwai tsattsagewa, sannan ya nemi 'yan tudun robar da suke cikin kwarin zanen. Idan zanen ya suɗe har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, kuma tayar ta gama aiki.

Irin zane, da guda nawa za a saya

Zane iri uku ne aka fi samu. HT na kwalta ne, ba shi da ƙara kuma ba ya shan mai sosai. MT mai manyan haƙora na taɓo ne, yana da ƙara a kwalta kuma yana saurin cinyewa. AT yana tsakaninsu, kuma shi ya fi dacewa da wanda yake fita daga gari ya bi burji zuwa kasuwannin ƙauye rani da damina.

Tayoyi biyun da suke jere da juna, na gaba ko na baya, ya kamata su zama iri ɗaya a girma da zane da lambar nauyi, kuma cinyewarsu ta yi kusa da juna. Idan abokiyar wadda ta mutu sabuwa ce, ana iya sayen guda ɗaya irinta sak. Idan ta riga ta ci rabi, gara a sayi biyu, a mayar da tsohuwar safaya. Sababbin a baya ake ɗaura su, ko da ta gaba ce ta fashe, domin a can nauyi yake, kuma idan bayan mota ya zame a kan kwalta mai ruwa, sitiyari ba ya iya dawo da shi cikin sauƙi. Motar da take da giyar jan ƙafa huɗu ta fi kowace bukatar tayoyinta huɗu su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba giyar ce za ta biya bashin.

Bayan an ɗaura

A sa sabon bawul tare da sabuwar taya, a yi mata balansin, kuma idan tsohuwar ta cinye ta gefe ɗaya a kai motar a daidaita ƙafafunta, don kada sabuwar ta bi sahunta. Notuna ana ɗaure su ne a tsallake, wannan sannan wanda yake fuskantarsa, kuma a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Iska da geji ake auna ta, da safe kafin taya ta ɗauki zafi, bisa lambar da take jikin ƙofa, inda sau da yawa akan rubuta awo biyu, na mota babu kaya da na mota da lodi. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙararta ba awo ba ne.

Aikin ɗalibi

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya sami motar a-kori-kura guda, tasa ko ta maƙwabci, ya kwafi girma da lambar nauyi da lambobi huɗu na shekara daga tayoyinta duka a littafinsa. Kada ya manta da safayar da take rataye a ƙarƙashin bodi, domin sau da yawa ita ce mafi tsufa a cikinsu. Sannan ya kwatanta abin da ya kwafa da takardar jikin ƙofa, ya lissafa kilo nawa tayoyin baya biyu za su iya ɗauka, ya zo da amsar aji mu duba tare.